Bawul ɗin birkin baya na yoyo: a cire shi ko a gyara?

Mai_Akori:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen kanikawa da direbobin da suka daɗe a hanya. Akori-kurata tsohuwa ce, kwanan nan na lura man birki yana raguwa a kofinsa. Da aka shiga ƙarƙashi sai aka ga yoyon daga wani bawul yake, wanda ke ɗaure jikin shasi can baya kusa da aksil. Akwai wata siririyar sandar ƙarfe da ta tashi daga jikinsa ta je ta kama aksil ɗin. Duk ya yi tsatsa. Bakaniken da ke duba mini ita ya ce kada in wahalar da kaina neman sabo, a cire shi a haɗa bututun kai tsaye, wai birkin ma zai fi kamawa. Maganar ta shige ni, don tun da na ƙara mata sifirin a baya nake jin birkin bai kai yadda yake da ba. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. In ba shi da amfani, me ya sa masu ƙera motar suka sa shi? Wanda ya taɓa cirewa ya taimaka ya faɗa mini yadda ta kaya.

Direban_Dare:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa cire shi kawai. Tawa na cire tuntuni, tun daga ranar feda ta yi tauri, mota na tsayawa inda na ce ta tsaya. Wannan bawul ɗin ba abin da yake yi sai danne birkin baya.

Ɗan_Gareji:
Kafin kowa ya yanke hukunci, Malam Mai_Akori ka amsa mana uku. Motar tana da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki? Baya durom ne ko disk? Sannan bututu nawa ne ke shiga jikin bawul ɗin, biyu ko uku?

Mai_Akori:
Babu ABS. Gaba disk, baya durom. Bututun na ƙirga, uku ne: biyu sun taho daga gaba, ɗaya ya sauka zuwa tiyon aksil. Akwai kuma ɗan notin fitar da iska a jikinsa.

Tsohon_Bakanike:
To na gane abin da kake da shi. A littafin gyara LSPV ake rubuta shi, wato bawul mai raba ƙarfin birki gwargwadon lodi, da wannan sunan za ka nema in za ka saya. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser da akori-kura da dama na wancan zamanin duk da shi suka fito.

Direban_Dare ya faɗi rabin gaskiya, aikinsa rage wa baya ƙarfi ne. Abin da bai faɗa ba shi ne yaushe yake ragewa, kuma don me. Akori-kura mota ce mai hali biyu. In ba kaya, mafi yawan nauyinta a gaba yake, wajen inji da direba, bayan nan fayau. In ka loda ta, nauyin ya koma kan aksil ɗin baya. Birkin da ya isa tsayar da tayoyin baya da cikakken lodi, ya yi musu yawa ƙwarai in babu komai a kansu. Shi ne aka sa wannan sandar. Ka ɗora kaya, bodi ya sauko kusa da aksil, sandar ta tura fistin ɗin da ke cikin bawul, ya bar mai ya wuce da ƙarfinsa. Ka sauke kaya, bodi ya ɗago, sandar ta saki, sai ya riƙa tsaida ƙarfin a wani mataki. In ka taka a hankali ba ruwansa, gaba da baya daidai suke samu. Sai ka danna da ƙarfi yake shiga tsakani.

Saboda haka ɗana, ranar da aka cire shi za ka ji daɗi. A tafiyar yau da kullum ba za ka ga aibu ba. Aibun yana jiran ranar da ka dawo ba kaya, wani abu ya gitta, ka taka da iya ƙarfinka.

Injiniya_Hauwa:
Baba Tsohon_Bakanike ya gama bayani, ƙari kawai zan yi kan abin da ke faruwa a taya. Duk lokacin da ka taka birki nauyin mota yana zubowa gaba, shi ya sa hancinta ke dukawa. Ƙarfin da taya ke iya riƙe kwalta da shi ya danganta da nauyin da ke kanta, don haka a tsayawa mai ƙarfi tayoyin gaba ne ke ɗaukar wajen kashi 70 cikin 100 na aikin, a akori-kura marar kaya ma fiye.

Tayar da ta kulle tana jan ƙasa ba ta da ikon riƙe mota ta gefe. In na gaba suka fara kullewa, sitiyari ya daina ji, amma motar miƙe take tafiya, kana sassauta ƙafa kaɗan ta dawo hannunka. In na baya suka riga, ba abin da ke riƙe bayan motar a layi. Ɗan karkacewar hanya ko ɗan motsin sitiyari ya isa, sai baya ya nemi wuce gaba. Wannan ne dalilin da ƙa'idar birki ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 13 ta sa ido kan rabon birki tsakanin aksil da aksil, da kaya da babu kaya, don kada baya ya riga gaba kullewa.

Direban_Dare:
Hajiya na ji bayaninki kuma ban raina shi ba. Amma ni aikina lodi ne. Motata ba ta fita sai da kaya. Da bawul ɗin nan yana jiki, fad ɗin gaba ba ya jimawa ya cinye, disk ya yi zafi har ka ji ƙauri a gangara, shu ɗin da ke cikin durom na baya kuwa in ka buɗe kamar ba a taɓa taka shi ba. Wannan shi ne lafiya? Birkin da gaba kaɗai ke aiki shi ma kisa yake yi.

Injiniya_Hauwa:
Ba lafiya ba ne, kuma na yarda da kai ɗari bisa ɗari cewa haɗari ne. Sai dai abin da ka kwatanta alamar bawul ne da ya maƙale, ko sandarsa ta fita daga saiti. Mai lafiya, da cikakken lodi, kusan duk ƙarfin yake sakar wa baya. Kuma tambaya ɗaya: in ka kai kayan ka sauke, da me kake dawowa?

Direban_Dare:
In ba kaya na san yadda nake taka ta. Ƙafa ta saba.

Abu_Safwan:
Ƙafa tana sabawa da tsayawar da ka shirya mata. Bari in ba ku abin da ya same ni. Na sayi wata ta hannu, ashe mai ita na farko ya cire bawul ɗin, ba wanda ya faɗa mini, ni kuma birki na kamawa tsaf, ban da dalilin zargi. Wata rana ina dawowa ba kaya, an yi yayyafi ya ɗauke, ƙaramar motar da ke gabana ta tsaya kwatsam. Ba gudu nake ba. Na taka, sai na ji ƙara daga baya, kujera ta fara zamewa gefe a ƙarƙashina alhali sitiyari yana miƙe a hannuna. Na juya shi don in tare, kafin ya ji ta riga ta wuce. Da ta tsaya, gilashina yana kallon motocin da ke biye da ni. Na sauko ƙafafuna na rawa, na duba kwalta: layi biyu baƙaƙe, sun fara a miƙe sannan suka lanƙwasa suka haye juna. Na gaba ko alama ba su bari ba. Allah ne ya sa ba kowa a ɗaya hannun. A gareji ne aka nuna mini gurbin bawul ɗin, ƙusoshinsa biyu na nan a shasi, an sa mahaɗa a wurin.

Ummu_Khalil:
Innalillahi. Allah ya ƙara tsarewa. Ni ba direba ba ce, maigidana ne ke jan irin wannan motar, kuma sau da yawa yara na ciki. Zan sa ya leƙa ƙarƙashi yau ɗin nan.

Ɗan_Gareji:
Na dawo kan bututu ukun nan, don shi ya sa na tambaya tun farko, kuma a ganina ya fi maganar kullewar taya tsanani. Motocin nan layin birki biyu gare su daga masta, wato famfon da feda ke turawa, na gaba daban na baya daban. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka wajabta haka a Amurka, sauran duniya ta bi, don in ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da kai. Cikin biyun da suka taho daga gaba a motar Mai_Akori, ɗaya ne kawai ke ciyar da birkin baya. Ɗayan reshe ne daga layin gaba, aikinsa ya sanar da bawul cewa gaba na da ƙarfi. In layin gaba ya fashe, bawul ya ji shiru daga can, sai ya daina ragewa ya sakar wa baya duka.

To abin da nake gani a motocin da ake kawo mana shi ne, an cire bawul, an ga bakin bututu uku, an ɗauko mahaɗa mai baki uku an haɗe su gaba ɗaya. Shi ke nan layi biyu sun zama ɗaya. Tiyo ɗaya ya fashe a ko'ina, man duka ya tsiyaye, feda ta tafi ƙasa, ba gaba ba baya. Direban_Dare don Allah ka duba taka, ko da ba za ka mayar da bawul ba. Wanda ya dage sai ya cire, dole a toshe wancan reshen tun daga inda ya rabu a gaba, da toshi na ƙarfe mai zare daidai.

Direban_Dare:
Wannan kam ban san da ita ba. Zan duba gobe in sha Allah. Na gode oga.

Mai_Walda:
Ni na ga ana murƙushe bakin bututun da guduma a naɗe shi. Ba ya riƙewa?

Ɗan_Gareji:
Yana riƙewa a gareji. Taka birkin gaggawa na iya kai ƙarfin mai sama da bar 100 (ma'aunin matsi ke nan) a cikin bututun nan. Murƙushewa, ko walda, ko mahaɗar famfo irin mai ɗan zobe da ake matsewa, duk ba na birki ba ne. Bakin bututun birki buɗa shi ake yi da na'urarsa, a ninka shi, kuma salon bakin iri biyu ne, in ka haɗa wanda bai dace da mazauninsa ba zai ɗauru amma zai riƙa tsattsafowa.

Baba_Mai_Tifa:
Yara ku bari in sa baki, ko da yake birkin tawa motar na iska ne. Mu ma muna da irinsa a manyan motoci, hannu ne da shi da sanda zuwa aksil, kamfanonin WABCO da Knorr-Bremse duk suna yin sa. Masu balan-balan a madadin sifirin kuma daga iskar balan-balan ɗin yake gane nauyi. Abin da direbobi ke yi in sandar ta karye shi ne su ɗaure hannun a sama da waya, ya zauna a matsayin cikakken lodi har abada. Daidai yake da cirewar da kuke magana. Tifa ta juye yashi ta taho fayau, a taka, tayoyin baya su ja ƙasa su yi faci, daga nan duk juyi sai ka ji dum, dum. A tirela abin ya fi muni, in tayoyin bayan kan suka kulle, bodin ya turo shi, sai motar ta naɗe.

Sabon_Direba:
Baba wannan shi ne wanda ke huci a baya in an saki birki? An ce mini in an cire shi iska ba ta saurin ƙarewa.

Baba_Mai_Tifa:
A'a ɗana, kada ka bari a taɓa wannan. Wancan rile ne. Tankin iska na nan kusa da shi a baya, feda saƙo kawai take aika masa, shi ya buɗe iskar daga kusa don birki ya kama da wuri, in ka saki kuma ya fitar da ita nan take. Hucin da kake ji aikinsa ne. In yana huci ba tsayawa, robarsa ce ta mutu ko wata tukunyar birki ke mayar masa da iska, a gyara. Motar iska wajen bar 8 take aiki, in geji na faɗuwa yoyo za ka nema.

Kanikancin_Zamani:
Mun yi nisa da tambayar. Akwai abin da Mai_Akori ya faɗa a farko da kowa ya tsallake: ya ƙara sifirin, daga nan birki ya ragu. Ai amsar tana nan. Ƙarin sifirin ya ɗaga bodi sama da inda aka saita sandar. Bawul ba ya auna kilo, tazarar da ke tsakanin shasi da aksil kawai ya sani. Yanzu ko ka ɗora rabin lodi, a wajensa motar fayau take, sai ya ci gaba da hana baya ƙarfi. Maganinsa a ɗaga wurin da sandar ta kama a kan aksil daidai gwargwadon yadda motar ta ɗagu, sannan a saita.

Tsohon_Bakanike:
Haka ne, kuma na yi niyyar zuwa nan. Sai dai a sani, ɗaga mariƙin yana gyara matsayin babu kaya ne. Sifirin da aka ƙara ya fi na asali tauri, kayan da a da ke sauke bodi sosai yanzu kaɗan za su sauke shi. Ke nan da lodi bawul zai buɗe, amma ba kamar yadda ya kamata ba. Wanda ya ƙara sifirin da yawa sai an zauna da geji biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, an nemi tsaka-tsaki. Ban ce abu ne mai sauƙi ba.

Abu_Safwan:
Ina geji a yawancin garejoji? Ni bayan an mayar mini da bawul, fili muka samu mai tsakuwa, wani ya tsaya a gefe yana kallon wace taya ke fara tsayawa.

Injiniya_Hauwa:
Gwajin ya fi babu, amma a yi hattara da shi. A tsakuwa taya na kullewa da ɗan ƙarfi kaɗan, wataƙila ma kafin a kai matakin da bawul ke fara ragewa, kuma nauyi bai zubo gaba sosai ba. A busasshiyar kwalta ne ake taka ƙarfi mai yawa, baya ya yi sakayau. Mota na iya cin gwajin tsakuwa ta faɗi na kwalta. In za a gwada, a yi duka biyun, a fili marar mutane, da ƙaramin gudu, ba kaya.

Mai_F150:
Tawa ma akwai bawul a layin baya amma wayoyin lantarki ne a jikinsa, ba sanda. Shi ma ɗaya ne?

Kanikancin_Zamani:
Daban ne. Ford ta fara sa wa akori-kurarta ABS na tayoyin baya kaɗai a 1987, suna kiransa RABS, kamfanin GM ya biyo da nasa a 1988. A na Ford akwai na'ura mai ƙirga juyin taya a kan difa, wato kwandon da ke tsakiyar aksil ɗin baya, in ta ga baya zai kulle sai bawul ya tsaida man ya rage shi. Ka lura da abin da wannan ke nunawa: a akori-kura, tun kafin a damu da sa ABS a gaba, baya aka fara sa wa, don nan matsalar akori-kura take. Motocin yanzu masu ABS a taya huɗu kwamfuta ce ke rabon, shi ne EBD, shi ya sa ba ka ganin sandar a ƙarƙashinsu.

Direban_Dare:
To ga ta nan. Sababbi ba su da shi kuma lafiya lau suke tafiya.

Kanikancin_Zamani:
Ba su da shi don an ba wani aikin. Taka an cire ba a ba kowa ba.

Mai_Walda:
Akwai bawul na hannu da ake sayarwa, mai ɗan murfi da ake murɗawa, irin na kamfanin Wilwood. Masu motocin tsere da masu hawa duwatsu shi suke sawa. Me zai hana Mai_Akori ya sa wannan ya huta da sanda da tsatsa?

Ɗan_Gareji:
Ya fi haɗa bututu kai tsaye nesa ba kusa ba, kuma in an rasa na asali ni ma shi zan ce. Amma shi inda ka murɗa nan yake zama. Ka saita shi don babu kaya, ka yi lodi, gaba ya sha wahalar da Direban_Dare ya kwatanta. Ka saita don lodi, ka sauke ka manta, ka koma labarin Abu_Safwan. Ya dace da motar da nauyinta ba ya canzawa. Sannan ragewa kawai yake yi, ba ya ƙara wa baya abin da masta bai bayar ba.

Tsohon_Bakanike:
In dole sai shi, a saita shi don babu kaya a bar shi nan. Gara tsayawa ta ɗan yi tsawo da lodi da mota ta yi katantanwa.

Direban_Dare:
Baba a nan ban bi ka ba. Tsayawa mai tsawo da tan guda a baya, a gangara, ba ƙaramin abu ba ne. Wanda bai ji feda na laushi a tsakiyar gangara ba ba zai gane ba.

Injiniya_Hauwa:
Laushin feda a gangara sau da yawa man ne ke tafasa. Man birki na shan danshi daga iska. Man birki nau'in DOT 3 sabo sai ya kai digiri 205 yake tafasa, in ya sha ruwa ya sauko wajen 140. DOT 4 kuma 230 da 155. Shi ya sa ake cewa a juye shi duk shekara biyu. Ruwan nan kuma shi ke cin fistin ɗin bawul daga ciki har ya maƙale. A gangara kuma, giyar mota ce ya kamata ta riƙe ta.

Mai_Akori:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma gareji da safe muka kwance shi a gabana. Robar da ke rufe bakinsa ta yage, ciki cike da busasshen taɓo. Fistin ɗin ko da filaya bai motsa ba, gefensa duk ramuka. Sandar kuma ta ɗan lanƙwashe, bushin ɗin ƙarshenta ya cinye har tana kaɗawa. Mun buɗe durom, shu ɗin da sauransa sosai amma ya yi nisa da durom, abin saitinsa ya daskare. Bakaniken har yanzu yana kan bakansa cewa ya cire wa mutane da yawa ba wanda ya dawo da ƙorafi. Na ce ya dakata. Yanzu zaɓi biyu ke gabana: na hannu da aka ciro daga wata motar, ko in jira a nemo sabo. Motar tana ajiye, kuma da ita nake ci.

Ɗan_Gareji:
Mai ramuka a fistin ba ya gyaruwa da sabuwar roba, zai sake yoyo. Na hannu ba laifi in ka tura fistin da yatsa ya shiga ya dawo, robarsa ba ta yage ba, kuma lambarsa ɗaya da naka, don ko a mota iri ɗaya saitinsu na bambanta. Ku fara saita shu ɗin, shi kaɗai zai ɗago feda. Wajen fitar da iska ku fara da tayar da ta fi nisa da masta, bawul ɗin a ƙarshe, kada a manta da notinsa.

Tsohon_Bakanike:
Ni sabo zan jira. Na hannu shekarunsa ɗaya da wanda ka cire, kuma ba ka san man da ya sha ba.

Baba_Mai_Tifa:
Mai iyali ba ya ajiye mota sati biyu, Malam. Ya sa na hannun in ya ci gwaji, ya yi odar sabon.

Direban_Dare:
Na leƙa tawa. Ba mahaɗa mai baki uku ba ce, an toshe reshen, alhamdu lillahi, amma a can baya aka toshe shi, dogon bututun na nan da mai a ciki duk tsatsa. Oga Ɗan_Gareji, a bar shi haka ko a mayar da toshin gaba? Sannan Hajiya Injiniya, in na samo geji biyu, ƙarfin nawa ya kamata in gani a baya in gaba ya nuna bar 80, da lodi da kuma babu?